Itacen Jibo

Ladidi ta dire yaron a kan bencin ɗakin shan magani na Malumfashi, zanenta duk amai. Jibo ne, ɗanta na fari, ɗan shekara huɗu, ya yi laushi kamar tsumma.

"Me ya ci?" in ji Malam Oluwole, mai ba da magani.

"'Ya'yan itacen ƙofar gidanmu."

"Wane itace?"

Ba ta san sunan itacen ba. Mijinta Mati ne ya kawo dashen daga lambun wani Baturen auduga a Funtuwa, ya dasa shi ranar sunan yaron. Itacen ya miƙe sambal, babu irinsa a ƙauyen, kowa itacen Jibo yake ce masa. Ladidi kuwa gwanar kunyar ɗan fari ce, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Don ƙwarewa ma sai ta haɗa har da itacen. Kullum ta gindinsa take wucewa da tulu, idonta a ƙasa, mata suna ta yaba mata.

"Akwai wani da Turawa ke dasawa, mai fure rawaya, in an karya reshensa farin ruwa yake fitarwa kamar madara," in ji Malam Oluwole. "In shi ne, baiwar Allah, sai addu'a. Yaya ganyensa yake?"

"Ban sani ba."

"Itacen ƙofar gidanki?"

Ta bar masa yaron, ta fita a guje, ta ratsa gonakin auduga ba mayafi ba takalmi.

Da ta isa ƙofar gida, yau kam ta ɗaga kai ta dubi itacen. Ganyen ƙanana ne masu bakin zarto, ga 'ya'yan zube a ƙasa, rawaya-rawaya. Rawaya! Ta kama reshe, ta runtse ido, ta ɓalle shi. Ba madara. Ba ta yarda ba, ta ƙara ɓalle wani, sannan ta juya da gudu da reshen a hannu.

Malam Oluwole ya murza ganyen ya sunsuna. "Dalbejiya ce. Yawan da ya ci ne ya juya masa ciki. Zai tashi."

Ɗakin cike yake da matan ƙauyensu, har da masu yabon nata. Ladidi ta durƙusa, ta tallabi fuskar yaron da hannu biyu, ta ƙura masa ido. Ashe ma girarta ya ɗauko.

"Jibo," ta ce da ƙarfi, kowa na ji. "Jibo, dube ni."