Na'urar Mutum Biyar

Da ƙungiyar agaji ta ce za ta haɗe rajistar 'yan gudun hijira na Batsari da Safana, Hafizu aka ɗora wa zaɓen saba, wato uwar kwamfutar da ma'aikata za su riƙa zuba sunaye a cikinta. Ya zo wa kwamitin dattawa da guda biyu. Ƙarama tana ɗaukar ma'aikata biyar a lokaci guda. Babba tana da ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki talatin ko nishi ba ta yi ba.

"Talatin?" in ji Alhaji Sharfaddeen, shugaban kwamiti. "Mu yi me da talatin?"

"Ranka ya daɗe, idan ƙauyukan Ruma suka tashi rana ɗaya..."

"Kai, bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ba mahaifiyarka na can ba? Ita kake yi wa wannan fata?"

Tana can kuwa. Inna Rahmatu ta ƙi baro gonar gyaɗarta, ta ce ba ɓarayin daji suka ba ta ba. Hafizu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ba tsada ce ta hana ba. Dattawan gani suke sayen babba tamkar yanka wa mai rai likkafani ne, kowannensu kuma yana da nasa a bakin daji. Aka shafa fatiha, aka sayi ƙarama.

Masifa dai ba ta nemi izinin kwamiti ba. Bayan kaka aka tashi ƙauyukan a yini guda, wasu suka faɗo Batsari, wasu suka bi ta daji zuwa Safana. Inna ba ta cikin 'yan Batsari, Hafizu ya bi layi fuska fuska. Waya ba ta da ita. Abin da ya rage masa shi ne sunanta ya fito daga Safana.

Aka ɗebo ma'aikata ta ko'ina, kowa ya hau na'urar, ita kuma ta cije. Suna ɗaya sai ya ci rabin sa'a bai shiga ba. Ga doka: wanda ba a yi wa rajista ba, ba a auna masa hatsi. Mata na zube a rana, yara sun gaji da kuka sun koma shessheƙa.

Alhaji ya leƙo yana sharce gumi. "Malam Hafizu, don girman Allah yi wani abu."

Yau shi ne Malam. Hafizu ya san abin yi, ɗaya ne tal. Sai an sauke wani ɓangare na'urar za ta numfasa, 'yan Safana su koma takarda, sunayensu su zauna a buhu sai ranar da hanya ta yi kyau. Yunwar da yake gani da ido kuwa a Batsari take.

Ya rubuta "Rahmatu" ya sake nema. Na'urar ta yi ta juyi, ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Ya jira iya abin da kukan waje ya bar shi.

Sannan da hannunsa ya katse Safana.