Salatif a Kan Allon Gudu

Mishari ya yago baƙin salatif da haƙori, ya manna a kan allon gudun babur ɗin, ya ƙara wani a kai har lambobin suka ɓace.

"Kai Yaya, mene ne haka?" Ƙanensa Nawaf ya cafke hannunsa. "To yaya zan san gudun da nake yi?"

"Ba ka bukatar sani. A nan kwana ake kallo, ba lamba ba."

Safiyar Juma'a ce, filin tseren da ke kudu da birnin Kuwait ya cika da rurin injuna. Shekara huɗu ke nan Mishari yana koyar da masu babur a wurin, amma sai yau ya samu ya jawo ƙanensa. Nawaf ɗan titi ne. Kowane mako shi da abokansa na diwaniyya, zauren da maza ke taruwa shan gahawa, sukan hau babban titi su maƙure totur, kowa ya ɗauki hoton allon gudunsa ya watsa a waya. Haka ɗan kawunsu Humud yake yi bara lokacin da ya shige ƙarƙashin tirela. Aka yi zaman makoki kwana uku, aka ce kwana ya ƙare, aka sha gahawa. Ba wanda ya buɗe baki ya ce wannan hauka ne. Da wata ya zagayo, Nawaf ya sayo ƙaton babur mai ƙarfin inji dubu, jan wuta, ga matarsa Shaikha da cikin wata bakwai.

Mishari ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kai ƙara wajen mahaifiyarsu. A ƙarshe sai ya taɓo inda ke yi wa Nawaf ƙaiƙayi. Ya ce akwai wani tsoho mai ƙaramin babur, ƙarfin injinsa ɗari huɗu kacal, da zai bar shi a baya cikin zagaye biyar. In Nawaf ya ci, Mishari ba zai ƙara cewa uffan ba. In ya faɗi, ya bar titi har abada.

Tsohon yana zaune kan akwatin kayan aiki yana kurɓar shayi. Bu Ganim ke nan, wanda ya yi shekara talatin yana shigo da manyan jiragen ruwa tasha kafin ya yi ritaya. Babur ɗinsa duk ƙwarzane, ba madubi, ba fitila.

Nawaf ya zagaya shi yana dariya. "Baba, wannan na kai saƙon shawarma ne?"

"Yana kaiwa, ɗana. Da zafinta ma." Bu Ganim ya dubi jan babur ɗin. "Ma sha Allah. Kai ke hawansa, ko shi ke hawanka?"

Mishari ya samo musu filin su biyu kawai, a lokacin hutun sauran mahaya. Ya tsaya jikin katanga riƙe da tuta. Sai a lokacin ya tambayi kansa ko ba shi ne ya tura ƙanensa ga abin da yake gudar masa ba.

Ya saki tuta. Jan babur ya yi tsawa ya ɓace a miƙaƙƙen layi, ya bar tsohon kamar a tsaye. Amma da kwanar farko ta tunkaro, Nawaf ya danne birki tun daga nesa, babur ya yi ta karkarwa a ƙarƙashinsa, ya sha kwanar a sandare kamar mai ɗauke da tiren shayi. Bu Ganim kuwa ko rage wuta bai yi sosai ba. Ya kwantar da nasa har gwiwarsa na shafar kwalta, ya fito yana manne da bayan Nawaf.

Haka aka yi zagaye biyu. Duk abin da Nawaf ya tara a miƙe, kwana ta ƙwace. A na uku tsohon ya zagaye shi ta waje, har da ɗaga masa yatsu biyu.

"Kar ka bi shi," Mishari ya ce a fili, ba mai jinsa. "Don Allah kar ka bi shi."

Nawaf ya bi shi. A miƙaƙƙen layi ya maƙure totur ya wuce tsohon, sai Mishari ya ga hular kwanonsa ta sunkuya. Allon yake dubawa, allon da ba komai a kansa sai salatif. Daƙiƙa ɗaya tak. Da ya ɗago, kwana ta riga ta iso.

Babur ya zarce cikin tsakuwar da aka shimfiɗa a gefen kwanar, ya yi tangal-tangal, ya kife. Mishari bai san lokacin da ya tsallake katanga ba.

Ya tarar da Nawaf zaune cikin tsakuwa yana haki, yana motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba karaya. Bu Ganim ya tsaya a gefe ya cire hula.

"Naka ya fi ƙarfin hannunka, ɗana," ya ce a hankali. "Tsoronsa kake ji, shi ya sa kake faɗa da shi a kowace kwana. Nawa na san iyakarsa, ya san tawa. Jirgin da na fi tsoro a teku shi ne wanda injinsa ya fi matuƙinsa wayo."

Nawaf ya damƙi tsakuwa ya zuba, ya sake damƙa. Ya dubi faɗin wurin da ya zame.

"A titi, nan wurin tirela ce," ya ce.

"Ko katangar gada," in ji Mishari. Ya haɗiye sauran maganar da ya tanada.

Suka turo babur ɗin zuwa rumfa. Nawaf ya daɗe yana shafa ƙwarzanen da ke jikin jan fentin, sannan ya juya ga tsohon.

"Baba, ana samun irin naka?"

"Na kai shawarma?"

"Shi." Ya rage murya. "Amma a nan zai zauna. Kar 'yan diwaniyya su ji."

Mishari ya ji ransa ya tashi. Yanzun nan mutum ya tsallake rijiya da baya, amma damuwarsa me za a ce a wurin shan gahawa! Ya buɗe baki ke nan, Nawaf ya zare mukullin jan babur ya danƙa masa a hannu.

"Ka sa a gyara fentin, a kai shi ƙofar diwaniyya a ajiye. Su yi ta kallo. Wannan kuwa ka riƙe, ko na roƙe ka kar ka ba ni."

Mishari ya dubi mukullin, ya sa a aljihu, ya ja zif. Ya miƙa hannu zai ɓare salatif ɗin daga allon.

"Bar shi," in ji Nawaf.