Kafin Ki Ɗaura Ɗankwali

Ranar da labarin ya iso wa Jaratu, tana zaune a bakin famfo tana tsinkar yakuwa. An yi ruwa da safe, jar ƙasar unguwar Briqueterie duk ta zama taɓo. Ta ji tsayuwar tasin Yuguda a ƙofar gida, ta gane ta da tarin da injinta ke yi kafin ya mutu. Yuguda aminin mijinta Abdulmajid ne tun suna yara, shi ne kuma ya tafi tashar Mvan ɗauko shi daga tafiyar Douala. Mutum ne da ba ya shiga gidan sai da tsiya a bakinsa. Ran nan sallama ɗaya ya yi, ya tsaya a bakin zaure da baƙar leda a hannu.

"Maman Jiddah," ya ce, "sai haƙuri."

Bas ta iso tasha, kowa ya sauka, Abdulmajid bai sauka ba. An ɗauka barci yake yi. Ledar tana kan cinyarsa, ya rungume ta da hannu biyu. Da Jaratu ta buɗe ta bayan an dawo daga maƙabarta, ba ta tarar da komai ba sai wani lanƙwasasshen bututun roba. Ta san shi. Saboda shi ya yi tafiyar.

Abdulmajid tela ne, gwanin aikin wuyan riga, amma duk unguwa da motarsa aka san shi. Tsohuwar Selika ce ja, mai ƙofa biyu, ƙirar shekarar alif ɗari tara da casa'in, irin wadda fitilunta ke ɗagowa kamar mai buɗe ido daga barci. Ya same ta yashe a bayan gidan wani ɗan kasuwa da zai bar ƙasar, kaji na ƙwai a kujerarta. Tun Jiddah, 'yarsu tilo, tana goye yake gyaranta, har ta gama makarantar koyon jinya bai gama ba. Dalili kuwa, ba ya yarda a sa mata komai sai nata na asali. "Dorijin," haka yake cewa, wato yadda kamfani ya haife ta. In aka kawo masa na kwaikwayo, sai ya juya shi a hannu ya mayar, ya ce gara ta yi shekara a rumfa.

Lambobinta kuwa ya haddace su kamar sunayen kakanninsa. Ƙarfin dawaki ɗari biyu da huɗu. Ƙarshen gudunta kilomita ɗari biyu da talatin a awa. Daga tsaye cik zuwa ɗari, a nan sai ya koma Faransanci, ya ɗaga yatsa: "Set birgil nef!" Wato sakan bakwai da ɗigo tara.

Jaratu ba ta yi nisa a boko ba, wata rana ta ce masa, "Baban Jiddah, ni wannan birgil ɗin naka ban san shi ba. Yi mini da Hausa."

Tana ɗaura ɗankwali a lokacin, za ta kasuwa. Ya tsaya yana kallon hannunta: ta yafa, ta zagayo da shi ƙeya, ta ƙulla, ta soke bakin. Ya tafa hannu.

"Shi ke nan! Kafin ki ɗaura ɗankwalinki, ta kai ɗari."

Maganar ta fita waje, ta zama abin wasa a majalisar masu soya, wato 'yan tsire, ta bakin titi. Yuguda ne shugaban masu tsiyar. "Wane ɗankwalin?" yakan ce. "Na shiga kicin ko na zuwa biki? In na biki ne, ni ma tasina ta kai garin Obala ta dawo kafin a gama!" A yi ta dariya, Abdulmajid ma ya yi. Motar kuwa ba ta taɓa samun miƙaƙƙiyar hanya ba. A lungunan unguwa, tsakanin 'yan babur da masu tura baro da hayaƙin nama, ko giya ta uku ba a sa mata. Kullum cewa yake, saura abu ɗaya, in ya samu za su hau sabuwar hanyar filin jirgi. Bututun nan shi ne abu ɗayan.

Ranar sadakar uku, Jaratu tana ɗaki cikin mata, maza suna zaune a rumfa jikin tagarta, kusa da motar da aka lulluɓe da tamfol. Ta ji muryar Yuguda, a dushe don kuka.

"Allah ya jiƙan Abdulmajid. Bai taɓa cin yadin kowa ba, bai taɓa saɓa ranar karɓar ɗinki ba. Ƙaryarsa ɗaya ce a duniya, ga ta nan a ƙarƙashin tamfol."

Maza suka yi 'yar dariya mai haɗe da hawaye, suka ce Allah ya yafe masa. Da ƙauna aka faɗa, ta sani. Amma maganar ta tsaya mata a rai. Shekara talatin tana tare da mutumin nan, ko cewa ya yi za a yi ruwa, sai ta kwashe shanya. Ba za a bar shi a bakin unguwa da ƙarya ba, ko da guda ɗaya ce, ko da ta wasa ce.

Ta jira har ta fita takaba. Washegari ta ɗauki ledar ta tafi unguwar Madagascar, garejin Haman, bakaniken da ya san cikin motar kamar cikin gidansa. Haman Bafulatanin Garoua ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya zo gida ya ɗaura bututun, ya sake mai, ya tayar da ita. Ya saurari injin, ya gyaɗa kai, sannan ya rage murya.

"Hajja, mota ya tsufa. Doki ma in ya tsufa, ƙafa yana sanyi. Bari ni taɓa turbo kaɗan, ni ƙara masa iska. Ba wanda zai sani. Zai tashi kamar aljan."

"Shi ya taɓa yarda ka taɓa?"

"Shi? Ya kusa mari na."

"To ni ma hannuna yana nan," in ji Jaratu. "Abin da ya faɗa, a kan wadda kamfani ya haifa ya faɗa. In ka ƙara mata wani abu, ko ta kai ɗari biyar, maganarsa ba ta fita ba."

Daga nan ta aika aka kira Yuguda. Shekara talatin yana jan tasi, kafin nan ya ja motar haya a hanyar Bertoua, ba wanda ya fi shi sanin giya a unguwar. Ya zo yana share gumi, ga shi ƙato, tumbi ya riga shi shiga zaure. Da ta gaya masa abin da take so, sai ya sunkuyar da kai.

"Maman Jiddah, wasa ne fa muke yi da shi."

"Na sani, Yaya Yuguda. Shi ya sa nake so ka zo ka ƙarasa wasan. Kai za ka ja."

Ranar Lahadi da hantsi suka fita, lokacin da rabin gari ke coci, hanya ta yi sauƙi. Yuguda a sitiyari, Jaratu a gefensa, Jiddah ta naɗe ƙafafu a 'yar kujerar baya. Masu soya suna hura wuta suka ga jar motar ta fito daga lungu, suka miƙe tsaye. Wani ya ɗaga murya, "Yuguda, a dawo mana da ɗankwali lafiya!"

Suka ratsa gari da hawa da gangararsa, har suka fita inda gidaje suka ja baya, kwalta ta miƙe sumul tsakanin jajayen gaɓoɓi da koren daji. Yuguda ya san wani wuri mai faɗi a gefe inda ake iya tsayawa. Ya tsaya, ya jira hanya ta zama wayam gaba da baya. Jiddah ta fito da waya za ta kunna agogo.

"Mayar da ita," in ji uwar. "Babanki bai ce waya ba."

Ta gyara mayafinta ya rufe mata kai, ta zare ɗankwalin ta ƙarƙashi, ta riƙe shi a hannu biyu. Na atamfa ne, na yau da kullum.

"Na kicin ne, Yaya Yuguda. Duba da kyau."

"Na gani."

"To bismilla."

Ya saki kuloci ya taka totur. Motar ta yi ƙugi, kujera ta ja Jaratu baya, wani abu ya yi ƙaram a but. Ta yafa, ta zagayo, ta ƙulla, ta soke.

"Na gama."

Jiddah ta leƙo ta kafaɗar Yuguda tana kallon allurar gudu. Yuguda ya rage gudu, ya sami gefe ya tsaya. Ya daɗe yana kallon sitiyari.

"Ta kai," ya ce. "Wallahi kusan... ta kai, Maman Jiddah. Zan gaya wa kowa ta kai."

"Jiddah, nawa kika gani?"

"Tamanin da biyar, Mama."

Yuguda ya juyo, idonsa ya yi ja. "To mu sake. Ki ɗan sassauta hannu, ke ma sauri gare ki kamar ana koran ki. Wa zai sani?"

"Kai da Haman uwa ɗaya ta haife ku?" in ji Jaratu. "Da ka ce ya yi ƙarya, yanzu kuma kai za ka yi masa ƙarya sadaka? Bai roƙe ka ba."

Ta buɗe ƙofa ta fita, ta tsaya a gefen kwalta, iska na kaɗa mata mayafi. Ba ta ji tsoro ba, tunani take yi. Abdulmajid bai taɓa faɗin lambar nan ita kaɗai ba, kullum da jelarta. Ta rufe ido ta jiyo shi a rumfa, yana goge fitila da tsumma: su can da suka auna ta, direba ne shi kaɗai, ba kaya, ba fasinja, ba surukai.

"Buɗe but," ta ce.

Abin da ke ciki ya ba su dariya duk da halin da suke ciki. Akwatin ƙarafan Abdulmajid, jarkar ruwa babba, tsohon batir da ya ƙi jefarwa, kan keken ɗinki da ya ce zai kai gyara tun bara, ga kuma kular abinci da Jiddah ta cika da dafa-duka. Suka sauke su kaf a kan ciyawa.

"Tayar safaya fa?" in ji Yuguda.

"Da ita aka haife ta. Bar ta."

"Ni fa? Ni kaɗai na kai mutum biyu."

"Kai kam ba yadda za a yi da kai. Mu ne za mu sauka."

Jiddah ta kama hannunta. "Mama, shekara nawa kina jiran ki ji gudun nan? Ki zauna, ni in tsaya."

"Ba don in ji daɗi na zo ba." Ta juya wajen Yuguda. "Ka koma inda muka fara, mu za mu tako mu same ka. Ina tsaye a gefenka za ka tashi. Allura na taɓa ɗari, ka danna ham. Kada ka danna kafin nan don tausayina. In ka yi, kai da Allah, kuma ka san amininka yana jiran ka a can."

"Ba zan danna ba sai ta taɓa," ya ce, wannan karon ba wasa a muryarsa.

Suka taka suka same shi. Wata babbar mota ta wuce, hanya ta sake yin shiru. Jaratu ta kwance ɗankwalin a ƙarƙashin mayafi, ta riƙe. Jiddah ta ɗaga hannu sama, ta sauke.

Tayoyi suka yi ƙara, tsakuwa ta watsu. Jaratu ta yafa. Ba ta sassauta ba, yadda take yi kowace safiya haka ta yi. Ta zagayo da shi ƙeya, ta ji injin ya ja numfashi ya sake kama wata giyar, jar motar tana ƙanƙancewa a kan kwalta. Ta ƙulla. Bakin ɗankwalin yana tsakanin yatsunta, ba ta kai ga soke shi ba, sai ham ya tashi daga nesa, dogo, bai tsaya ba, kamar na motar kai amarya.

Jiddah ta yi tsalle tana ihu. Jaratu ta tsaya da bakin ƙyallen a hannu. Sai da ham ɗin ya yi shiru sannan ta soke shi a hankali, ta ce, "To."

Da Yuguda ya juyo ya dawo, ya fito yana share fuska da hularsa.

"Ɗan banzan nan," ya ce, yana dariya yana kuka, "ashe da gaske yake! Maman Jiddah, saura ɗari biyu da talatin ɗin. Hanya tana nan."

"A'a. Wannan ka bar wa kamfani. Wanda ya yi gaskiya a ɗankwali, ba sai an rantsar da shi a sauran ba. Ku zo ku ci abinci, a mayar da kayan nan."

Da la'asar Yuguda ya tsaya da kansa a majalisar masu soya ya ba da labari, har da tamanin da biyar ɗin farko, bai rage komai ba. Ya ce maganar da ya yi ranar sadakar uku ya janye ta, duk wanda ya ji ta ya mayar masa da abarsa. Wani ya tambaya ko na biki ne aka ɗaura. Ya ce wanda ya sake wannan tambayar, kada ya ƙara tsayar da tasinsa.

Motar ta koma rumfarta, ba ta sake hawa waccan hanyar ba. Haman ya ce kada a bar ta kwance, batir zai mutu. Saboda haka kowace safiya, in Jaratu ta idar da lazimi ta share tsakar gida, sai ta ɗage tamfol ta shiga kujerar direba, ta murza makulli. Fitilun su ɗago. Ta karkato madubin tsakiya wajenta, inji na ɗumi, ta ɗaura ɗankwalinta a ciki, sannan ta kashe ta tafi ɗora ruwan koko.