Sandar Ruwan Ciyaman

"Matso da ita nan in gani," in ji Ciyaman. Bai jira ba, ya kama murfin kwamfutar ya jawo kamar mai jan faranti, ya bar shatin yatsunsa a gilashin.

Sakatariya ta haɗiye tsakin da ya taso mata. Surukinta ne, uban mijinta, kuma shi ne shugaban kwamitin mazauna benen tun ranar da aka kafa kwamitin, domin shi ya kafa abinsa. Ita ma ba ƙwazonta ya gani ya naɗa ta ba. Tana da kwamfuta, kuma ba ta da bakin ce masa a'a.

Magana ce ta ruwa. Tankin saman bene da a da yake kai mutane dare, yanzu kafin rana ta take ya ƙafe. Kowane gida da mitarsa, sai Ciyaman ya sa aka karanto su, ya ce a zana masa yadda ake yi a manyan ofisoshi, a kai taron yamma. Hukunci kam ya riga ya yanke. Maman 'Yan-biyu ta hawan ƙasa ce ke shanye ruwan, tunda igiyar shanyarta ba ta taɓa hutawa ba, don haka za a rufe mata famfo, a riƙa buɗewa na ɗan lokaci da safe. Zanen ado ne kawai, don a ce an yi bincike.

Sai zanen ya ƙi ba shi haɗin kai. Sanda guda ta miƙe tun daga ƙasa har rufi, sauran gidajen duk sun kwanta a gindinta kamar ƙwayar shinkafa.

"Yawwa! Wannan zabgegiyar tata ce ko?"

"Taka ce, Baba."

Ya cire tabarau ya goge, kamar laifin nasa ne. Duk benen an san da tiyon da ya sauko ta tagar banɗakinsa zuwa filin baya, inda autansa ke wanke motocin unguwa. Kullum mutane na tsallake tiyon nan, amma ba wanda ya taɓa ganinsa. Makanta ce ta musamman, mai kama mutum da zarar ya tuna wa ke da rabin gidajen benen.

"Mitar ce ta lalace," ya ce. "Ita kuma wannan abar, wa ya aike ta ta yi wannan tsayin?"

Ta nuna masa lambobin da ke jere a gefen zanen. Ta ce ma'auni ne, kuma kwamfutar kan duba lamba mafi girma ta sa iyakar sama daidai da ita, shi ya sa ƙananan suka nutse. Amma mutum na iya rubuta iyakar da hannunsa.

"To me kike jira? Rubuta."

Ta buɗe akwatin ma'aunin, ta goge lambar sama, ta sa ƙarama. Nan take ƙwayoyin shinkafar suka miƙe suka zama sanduna. Ta Ciyaman ta bugi rufi ta guntule, ba wanda zai ce ta fi na kusa da ita da wani abin kirki. Ta Maman 'Yan-biyu, wadda ta ɗara sauran da kaɗan, ta taso tana neman kamo ta.

Ciyaman ya washe baki. "Kin gani? Gaskiya ba ta ɓuya. Ina son tata ta cika takarda guda, na baya ma ya gani. Ki sa mata ja."

"Taka fa?"

"Tawa kuskuren mita ce, zan yi bayani." Ya miƙe yana gyara hula. "Karatun naku dai ya yi rana yau."

Mijinta yana kan kujera duk wannan lokacin, yana latsa waya da irin natsuwar da yake samu a duk sanda ubansa ke ɗaki. Sai da ƙofa ta rufu muryarsa ta dawo.

"Ki yi masa yadda yake so mana. Sanda ce fa kawai a takarda."

"Famfon matar nan ma a takarda yake?"

"Ke dai ba kya son zaman lafiya."

Ta dube shi. Mutum ne da ya kai shekara arba'in bai taɓa mallakar ra'ayin da ya wuce tsawon falon ubansa ba. Takaici ya cika ta, ta zari mayafi ta sauka karɓo salatif na manna zanen a kantin bakin hanya.

A hawan ƙasa ƙofar Maman 'Yan-biyu a buɗe take. Tana durƙushe gaban baho tana ɗauraye zanen gadon tsohuwarta, wadda ba ta iya tashi ko riƙe fitsari. Ruwan ɗaurayar ba zubarwa take ba, juye shi take a bokiti don banɗaki.

"Sannu, Anti," matar ta ce ba ta ɗago ba. "An ce yau za a rufe min."

"Taro dai za a yi."

"Ke ce mai zanen, ko? To ki zana da kyau."

Ba gatse a muryarta, abin da ya fi ƙona Sakatariya ke nan. Kunya ta kama ta, irin mai sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ta wuce kanti.

Da ta koma sama ta zauna gaban kwamfutar ta daɗe tana kallon guntulalliyar sandar. Ya ce ta Maman 'Yan-biyu ta cika takarda guda. To, za ta cika. Ta mayar da iyakar sama inda take a da, sannan ta kama gindin zanen ta yi ta ja ƙasa, shafi na bin shafi, har jar sandar ta kai tsawon da aka umarta. Firinta ta shiga aiki tana tari. Sakatariya ta baje takardun a ƙasan falo tana haɗa bakinsu da salatif, mijinta na tsallake su zuwa kicin bai ko tambaya ba. Rashin tambaya gadon gidansu ne.

Da yamma aka jera kujerun roba a farfajiyar ƙasa, gindin matattakala, inda ake iya hango ƙarfen dafawa na kowane hawa har sama. Sakatariya ta riga ta rataye zanen. Mai kemis ya zo, da malamin makaranta, da tsohon direba, duk gwanayen gyaɗa kai. An kira mai gyaran famfo, yana tsaye da sifana a hannu. Maman 'Yan-biyu ta zauna can ƙarshe, hannuwanta sun yi fari don wanki.

Ciyaman ya shigo ta ƙofar waje a makare, yadda manya ke yi, ya tsaya ya ba bango baya ya fara jawabi. Ya yi maganar amana, ya yi maganar haƙƙin maƙwabci, ya ce shi mutum ne mai aiki da hujja. Ya lura ba wanda ke kallonsa, kowa ya ɗaga haɓa sama, sai ya ɗauka nauyin maganarsa ne.

"Ga shi nan a zane," ya ce, ya juya da yatsa a miƙe.

Jar sandar tana nan, ta cika takardarta tsaf. A gefenta tasa ta tashi, ta bar takardar farko ta shiga ta biyu, ta wuce kan mutane, ta wuce ƙarfen hawa na ɗaya, ta yi sama tana lilo a iskar da ke shigowa ta ƙofa.

Farfajiyar ta yi tsit. Tsohon direba ne ya fara tarin da ba tari ba. Mai kemis, wanda jiya ma ya tsallake tiyon, ya ce shi dama ya daɗe yana zargin wani abu. Malamin makaranta ya ce ai kimiyya ba ta ƙarya. Jarumtaka ta sauko wa kowa lokaci guda, tunda takarda ta riga su magana.

Mijin Sakatariya ya matso kusa da ita. "Kin san a gidan wa muke zaune kuwa?"

"Na sani."

Ciyaman ya nufi matattakala. Ya kama ƙarfe ya fara hawa, yana bin sandarsa da ido, numfashinsa na fita da ƙara. Aka bi shi da kallo har ya ɓace a kwana, ya sake ɓullowa a sama.

Mai gyaran famfo ya sauya wa sifana hannu. "Ni fa ina da wani aikin. Wane famfon zan rufe?"

Ba wanda ya dubi Maman 'Yan-biyu. Idanu duk suna sama, inda Ciyaman ya tsaya a hawa na ƙarshe, riƙe da bakin takardar da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Ya leƙo, gumi na bin wuyansa, ya tattaro sauran murmushin da ya rage masa.

"To ai ga ƙarshenta nan," ya ce da ƙarfi. "Ba ta ma kai yadda kuke zuzutawa ba."

Sakatariya ta ɗaga kai, ta amsa da ladabin da ya kamaci suruka.

"Ba nan ta tsaya ba, Baba. Takarda ce ta ƙare."