Kujerar Baƙo

Baƙon ya miƙa hannu zai ɗauki sukudireba, Tsalle ya riga shi.

"Haba, Injiniya! Muna nan kuma ka yi aiki? Zauna, zauna."

Ya jawo masa jar kujerar nan mai katifa, wadda Maigida ya sa aka ɗauko daga ofishin likitoci ranar da baƙon ya iso, ya juya masa fanka, ya tura masa kofin shayi. Baƙon ya dubi hannunsa, ya dubi Tsalle, sannan ya zauna ya ce na gode. Cikin 'yan kalmomin da suka taɓa ji daga bakinsa, wannan ce ya fi ƙwarewa da ita.

Ɗakin gyaran na'urori yana can bayan asibiti, tsakanin ɗakin wanki da gidan janareta. Duk abin da ya mutu a asibitin, in dai ba mutum ba ne, nan ake kawo shi: kekunan marasa lafiya, fitilun tiyata, injinan iskar numfashi, gadaje masu karyayyar ƙafa. Mutum uku ne a ciki. Akwai Maigida, akwai Rediyo wanda bakinsa ba ya hutu, sai Tsalle, wanda ya sami sunansa saboda bai taɓa daɗewa a wuri ɗaya ba. Makaranta ya tsallake taga ya bar ta, gareji ya bari, shagon gyaran waya ya bari. Nan ne kaɗai ya tsaya, don kullum akwai sabon abin da zai buɗe ya leƙa cikinsa.

Baƙon ɗalibi ne, daga wata ƙasa mai sanyi. Shirin musaya ne ya kawo shi: a ba ku mutum ɗaya ya koyi aiki a wurinku, in ya gama ku ma ku tura naku can. Maigida ya riga ya ce Tsalle ne zai tafi. Innar Tsalle ta gaya wa duk maƙwabta, mijin yayarsa ya ara masa rigar sanyi mai kauri, wadda yake sawa a ɗaki ya tsaya gaban madubi har gumi ya jiƙa shi.

Doka ɗaya Maigida ya kafa.

"Baƙon nan ko ƙusa kada ya ɗauka. Duk wanda ya bari rigarsa ta yi baƙi, ni da shi ne."

Abin da ya ɗaure wa Tsalle kai shi ne hannun mutumin. Akwai tabon ƙunar dalma a babban yatsansa, irin wanda shi ma yake da shi, farcen kuma a guntule suke. Wannan ba hannun zaman kujera ba ne. Sannan kullum rana ta take, sai ya ɓace, ba a ganinsa a kantin abinci, ba a ganinsa a ɗakin da aka sauke shi.

"Budurwa ya yi cikin nas-nas," in ji Rediyo. "Ka san su masu shiru-shirun nan."

"Da wane bakin zai yi zance? Da na gode?"

"Ai ita ce babbar kalmar, yaro. Kai da ba ka iya ta ba, ina taka budurwar?"

Hantsi ya ɗaga sai ga jami'ar shirin ta zo, wata mata mai tabarau wadda kullum take sauri. Ta tsaya da Maigida a bakin ƙofa. Tsalle ya sunkuya kan wani keke yana ɗaure notin da ya riga ya ɗauru, kunnensa na can.

"Ya nemi a mayar da shi wani asibiti," in ji ta.

"Subhanallahi! Me muka yi masa?"

"Bai ce kun yi masa komai ba. Cewa ya yi kuna da kirki ƙwarai. Amma ka san tsarin, in ya tashi, gurbin yaronka ya bi shi. Asibitin da ya ƙarasa zamansa a ciki, su za su tura nasu. Da la'asar zan dawo in ji maganarsa ta ƙarshe."

Sifana ta suɓuce daga hannun Tsalle ta faɗi. Maigida ya daɗe yana shafa gemu bayan tafiyarta.

"Zafi ne," ya ce daga ƙarshe. "Fanka ɗaya ta yi masa kaɗan. Bari in je in samo wata."

Da rana ta take baƙon ya miƙe ya fita. Tsalle ya ajiye abin da yake yi ya bi shi daga nesa. Bai nufi wajen nas-nas ba. Ya zaga bayan gidan janareta, inda ake jibge kayan da aka fid da rai da su, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafun gadaje. Da Tsalle ya leƙa, sai ya ga farar rigar baƙon rataye a reshen bishiya, a ninke tsaf. Shi kuwa yana tsugune daga shi sai singileti, ya buɗe cikin wani tsohon injin iskar numfashi, ya jera sukurorin a kan bulo. Abin da yake kwance su da shi ƙaramin cokali ne, an goga bakin mariƙinsa a dutse har ya yi faɗi.

"Cokalinmu ne wannan?"

Baƙon ya zabura, har ya buga kai da ƙarfen gado.

"E. Yi haƙuri."

"Ka san zagin da Rediyo ya sha a kan cokalin nan?" Tsalle ya tsuguna kusa da shi. "Rigar fa? Me ya kai ta bishiya?"

"In ta yi baƙi, Maigida zai yi faɗa da kai. Na ji."

Tsalle ya miƙa hannu. Ya ɗauki cokalin ya juya shi. An yi gugar da kyau.

"To me ya hana ka faɗa kana son aiki?"

"Na faɗa. Kun ce haba." Baƙon ya tsaya yana laluben kalmomi. "Na zo in koya. Yadda kuke gyara, babu sabon kaya. A wurinmu abu ya lalace, a sayo wani. Ku kuna tashe shi. Ina son in gani da hannu. Amma kullum kujera. Na ce, ba su yarda da hannuna ba."

"Mu? Ai girmama ka muke yi!"

"A wurinmu, wanda aka ba kujera, an gama da shi."

Tsalle ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sai kuma ya daina da ya ga da gaske baƙon yake. Ya leƙa cikin injin. Baƙon ya nuna masa wani ɗan abu da ya ƙone a jikin allon wuta, wanda shi Tsalle bai taɓa sanin aikinsa ba. Shi kuma ya nuna wa baƙon matatar ƙura da ta ruɓe, ya ce da soson katifa suke yanka wata. Baƙon ya ware ido, ya ce a sake faɗa masa a hankali.

"Tsaya," in ji Tsalle. "In na je can wurinku, me za a ba ni?"

"Tsintsiya."

"Tsintsiya?"

"Da farko. Sai tsawa. Maigidana yana da baki sosai."

"Yana zaginka?"

"Kullum." Baƙon ya yi murmushi. "Ina kewarsa."

Tsalle ya dubi injin, ya dubi rigar da ke bishiya. In ya bi dokar Maigida, baƙo zai tafi da gurbinsa. In ya karya ta, Maigida na iya cire sunansa da kansa, don ba a yi masa haka. Ya miƙe ya kama gefe ɗaya na injin.

"Kama can. Kuma sa rigarka."

Rediyo na ganinsu sun shigo sun ɗora injin a kan tebur, ya dafe kai.

"Tsalle, ka haukace? A kan teburin Maigida? To, ni dai ban gani ba. Kuma ka ce wa mijin yayarka ya zo ya ɗauki rigarsa."

Ba su kula shi ba. Tsalle ya miƙa wa baƙon sukudireba ta gaske. Kafin a jima gaban farar rigar ya yi baƙi ƙirin.

A haka Maigida ya shigo, rungume da sabuwar fanka. Ya tsaya cak. Rediyo ya sulale bayan kabad.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Maigida," in ji Tsalle.

Maigida ya ajiye fankar a hankali, abin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Kai yaro ne, ba ka san komai ba. Ina saurayi aka tura ni wata ƙasa koyon aiki. Da takarduna, da sabon takalmina. Tsintsiya suka miƙo mini. Na share musu ɗaki kamar bawa, kuka nake yi a banɗaki. Tun ranar na yi alkawari, duk baƙon da ya shigo hannuna ba zai ga abin da na gani ba."

Bakin Tsalle ya riga tunaninsa.

"Maigida, aikin nan da kake koya mana, a ina ka koye shi?"

Maigida ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya faɗa kan baƙon, wanda bai fahimci rabin zancen ba, ya koma kan aikinsa yana ƙoƙarin fizge wani siririn tiyo da filaya.

"Kai! Kai! Sakarai, haka ake cire tiyo?" Maigida ya yi tsalle ɗaya ya buge masa hannu. "Tsohon roba ne, za ka yaga shi, ina za mu sami wani? A ruwan zafi ake jiƙa bakinsa! Me suke koya muku a can, cin abinci?"

Sai da ya faɗa ya tuna da wa yake magana. Ya tsaya, hannunsa a sama. Baƙon yana murza bayan hannunsa, haƙoransa duka a waje.

"Ruwan zafi," ya maimaita. "To, Maigida."

Ya ɗauki shayin da aka ba shi tun safe, ya zubar ta taga, ya nufi butar lantarki da kofin.

Da la'asar jami'ar ta dawo. Ta sami murfin inji a kan jar kujera, Maigida yana faɗa, baƙo ya yi dumu-dumu da baƙin mai har goshi.

"Lafiya? Me aka yi masa?"

"Zagina ake yi," in ji baƙon. "Ba zan tafi ba."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubansu. Maigida bai ko juyo ba.

"Injiniya, ka ga dattin da ka zuba mini a ƙasa? Tsintsiya tana bayan ƙofa." Ya murɗa wani sukuru. "Tsalle, akwai ta biyu. Ɗauki ka fara koyo tun yanzu, kada ka je can ka ba ni kunya."