Juyen Injin Mijinyawa

"Kada ka bari ya huce," in ji Mijinyawa. "Da ɗuminsa ake juyen mai, dattin ya fi fita."

Halliru na durƙushe a gindin injin niƙan maƙwabcinsa, sifana a hannu, ga wani tsohon kwano ya tara. Ya murɗa notin ƙasa, baƙin mai ya ɓalle ya wanke masa yatsu. Mijinyawa na jingine da bangon rumfa, inda matarsa Saude ta zaunar da shi ta tokare masa baya da matashi biyu. Kwana tara ke nan da aka dawo da shi Fulatan daga asibiti a Kano, aka ce a je gida a ci gaba da addu'a. Ƙafafu sun kumbura, murya ta ƙanƙance, amma bakin ba da umarni yana nan daram.

Shekara guda suka sayi inji, shi da Halliru, yau shekara goma sha tara. Na Mijinyawa shi ne dai wannan. Halliru kuwa yana kan na uku, shi ma tari yake kamar tsohon mashayin taba. Kullum mata sai su biyo ta gaban rumfarsa da ƙwaryar dawa a ka, su gaishe shi har da tambayar iyali, su wuce. Ran nan har matarsa Zuwaira ya kama a layin Mijinyawa, ta ce masa, "To Malam, naka ya tsaya, tuwon dare kuma ba ya tsayawa." Bai ci tuwon ba ranar.

Halliru ya daɗe da yanke hukunci cewa asiri ne ke riƙe da injin Mijinyawa. Shi ya sa da aka aiko cewa Mijinyawa na roƙon ya zo ya yi wa inji juye, ya taho da saurinsa. Yanzu yana durƙushe yana raba ido, ko zai hango laya a wani lungu. Bai ga komai ba sai ƙarfe fes, ko ɗigon mai babu. Wannan ya fi layar ƙona masa rai.

Ya kwance matacin gas, ya zaro filtar, ya ce, "Saude, miƙo min kalanzir in wanke ta."

Mijinyawa ya yi dariya har ta koma tari. "Takarda ce fa, Halliru. Wa ke wanke takarda? Jefar da ita. Akwai sabuwa a gwangwanin can, tun kafin in kwanta na sayo a kasuwar Karaye."

Halliru ya ɗauko.

"Cika ta da gas kafin ka ɗaura. Ba daga jarka ba, daga duron can. Ɗebi na sama. Kwana uku nake barinsa ya kwanta, ruwa da ƙasa su sauka gindi. Kai kuwa ka sayo a bakin titi ka antaya masa nan take, ka ce inji ba shi da albarka. Shekara nawa ina gaya maka?"

Gaskiya ne, ya taɓa gaya masa. A ƙofar masallaci ya faɗa, gaban mutane, har wani ya yi dariya. Tun ranar Halliru ya rantse a ransa ba zai yi ba, ko da injinsa zai mutu. Guda biyu kuwa suka mutu.

Man ya gama tsiyayewa. Halliru ya mayar da notin, ya murɗa da yatsu har ya tsaya, ya ɗora sifana. A nan hannunsa ya yi nauyi. Rabin murɗi ya rage. In aka bar shi haka, jijjiga za ta yi sauran aikin, ko sati ɗaya ko biyu. Wata rana ana tsakiyar niƙa mai zai tsiyaye, inji ya buga. Babu wanda zai zargi kowa, cewa za a yi ya bi mai shi. Matan nan masu gaisuwa su wuce dole su sauke ƙwarya a rumfarsa. Ya san da injin nan Saude za ta ci da kanta. Ya sani sarai, ya zare sifanar.

Ya zuba sabon mai, ya sassauta ƙaramin notin famfo har kumfa ta daina fita, gas ya zo zalla, ya ɗaure. Murɗi uku ya yi wa hannun tayarwa inji ya kama, da ƙara a daidaice ba gargada. Mijinyawa ya lumshe ido yana saurare, yatsansa na bugun tabarma. Can ya yi alama a kashe.

"Ka ɗaure na ƙasa?"

"Na ɗaure."

"Madalla." Ya juya ga matarsa. "Saude, ki zama shaida. Bayan raina kada wani bakanike ya sa masa hannu, sai Halliru. Hannunsa ya fi nawa tun muna samari, ni na sani. Zuciya ce kawai ta yi masa yawa."

"Allah ya ba ka lafiya dai, Malam," in ji Saude.

"Lafiya kuma, Saude? A dai roƙa mana cikawa da imani."

Halliru ya goge hannu da tsumma ya yi sallama. Shekara goma sha tara yana jiran mutumin nan ya faɗi haka, sai ya zo ya faɗa a ranar da bai kamata ba. Haushi ya kama shi, ya rasa ko na wa yake ji.

Washegari tsakanin azahar da la'asar Mijinyawa ya cika. Aka zo daga Rogo, aka zo daga Karaye a kan babura, Fulanin ruga suka bar shanu suka zo. A sallar jana'iza Halliru na sahun gaba, amma sai da ya waiga ya ƙirga sahu. Sha ɗaya. Ya tambayi kansa shi nawa zai samu, ya ji kunyar tambayar, bai kuma fasa jin zafin amsar ba. Kwana biyu yana zaune a tabarmar makoki, kowa ya zo sai ya yi masa ta'aziyya ta musamman, wai ya yi rashin ɗan'uwa. Rumfar na can a rufe, yana kauce mata da ido.

Ranar sadakar uku da hantsi Zuwaira ta same shi a zaure.

"Saude ta ce a tayar da injin, za a niƙa geron gumba. Yayanta ya ce zai tayar, ta hana. Ta ce marigayi ya bar wasiyya, kai ne."

"Je ki, ina zuwa."

Ya ɗauki sifanarsa ya sa a aljihun riga. Ya tarar mata sun riga sun jeru a bakin rumfa, kowace da ƙwaryarta. Suka gaishe shi, wannan karon ba su wuce ba. Ya ce su dakata a waje, ya shiga ya durƙusa.

Ga shi nan a ƙasa, daidai saitin notin, tabon mai kamar faɗin tafin hannu, wani ɗigon kuma na rataye bai faɗo ba. Ya ɗora sifana. Rabin murɗi ta ci, ta tsaya. Abin da ya rage ke nan tun farko. Notin ya ɗauru, amma wanda ya yi tambayar ya tafi da amsar da aka ba shi, babu kuma inda za a bi shi a gyara. Idon Halliru ya ciko, karo na farko tun rasuwar.

"Malam Halliru, lafiya dai ko?" wata ta tambaya daga waje.

"Lafiya lau. Ku ɗan ƙara haƙuri."

Ya ɗebi dusa a gefen turmin inji ya barbaɗa a kan tabon, ya zauna a kan dugadugansa yana kallo tana shanye man a hankali.