Kwalba ta Goma

Karo na tara ke nan ruwan da ke cikin kwalbar Dakta ya tsaya a rawaya, ya ƙi gaba. Ta dangwarar da ita a kan tebur.

"Baba, wankinka ne. Farfesa ya ce in ta yau ma ta ɓaci, a sauya ka."

Shekara ashirin da shida Baba yana wanke kwalaben wannan ɗakin gwaji, ba a taɓa nuna masa datti ba. Boko bai yi ba, amma ya san abin da ake nema: ƙwayoyin azurfa waɗanda ido ba ya gani, ana so su fito da kusurwa uku. In suka fito haka, ruwan ya koma shuɗi. In suka dunƙule, sai rawaya.

Ya kawo mata kwalabe biyu da ya ɗauraye da tataccen ruwa har sau uku. Maimakon ya koma bakin aikinsa, sai ya tsaya riƙe da tsumma, ya zuba ido. Dakta ta ɗauki ɗaya, ta tara a famfo, ta girgiza, ta zubar.

"'Yata, me kika yi yanzun nan?"

"Ɗauraya na ƙara, ko da ƙura."

"Da ruwan famfo? Dubi farin da ya daskare a bakinsa. Gishiri ne. Tun yaushe kike wannan taimakon?"

Ta dubi famfon, ta dubi kwalbar.

"Tun ta farko," ta ce a hankali.

"To ɗauki ɗayar. Kada ki yi mata kwalliya."

Ta zuba ruwan azurfa, ta bi shi da sauran magunguna ɗigo-ɗigo, injin motsa ruwa yana juyawa. Ruwan ya yi rawaya. Can sai ya rikiɗe launin ruwan lemo, ya yi ja, ya yi shunayya, ya zauna a shuɗi mai duhu.

Dakta ta zube a kujera, ta dafe kai.

"Baba, ka yafe mini. Da bakina zan gaya wa Farfesa."

Sai lokacin Baba ya saki numfashi.

"Gaya masa. Amma miƙo mini taran can tukuna, kin tara mini wanki."

Kafin ya fita, ya ɗaure bakin famfon da tsummansa, ƙulli biyu.